Kek Ɗari Huɗu, Ɗanɗano Ɗaya

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2012, aka kai wa ma'aikatan kamfanin BioWare da ke birnin Edmonton a ƙasar Kanada wata irin kyauta: ƙananan kek sama da ɗari huɗu, an shafa wa wasu ja a ka, wasu shuɗi, wasu kore. Kowanne ka kai baki, ɗanɗanon ɗaya ne. Waɗanda suka haɗa kuɗin kek ɗin masu buga wasan Mass Effect 3 ne, wanda kamfanin ya fitar kamar makonni uku kafin nan, kuma nufinsu a fili yake: kun ce mu za mu zaɓi yadda labarin zai ƙare, ashe launi kawai kuka bar mana mu zaɓa. Ma'aikatan ba su ci ba, suka kwashe suka kai wani gida da ake kula da matasa marasa galihu. Ni dai a ɗan karance-karancena ban ci karo da sharhin da ya kai wannan gajarta da kaifi ba, ga shi kuma har ya ciyar da mabuƙata.

Na san akwai wanda zai ce me ya haɗa mu da wasan bidiyo, mu da littafi ne abin hirarmu. Ya yi haƙuri ya biyo ni. Rigimar nan tsohuwar rigimar marubuci da mai karatu ce: idan an kai ƙarshen labari masu karatu suka ce sam ba su yarda ba, me ya wajaba a kan mai alƙalami? Abin da ya bambanta wasan bidiyo shi ne ana iya komawa a taɓa shi bayan ya shiga hannun mutane, ta intanet, cikin dare ɗaya. Littafin da aka buga kuwa ya bugu. Wanda bai buga wasan ba kuma yana da niyya, ya sani zan fasa ƙwai.

Mass Effect labari ne mai kashi uku. Na farko ya fito a 2007, na biyu a 2010, na uku a ranar 6 ga Maris 2012. Kai mai bugawa kai ne Kwamanda Shepard, namiji ko mace, yadda ka so. Ana cikin wani zamani da ɗan Adam ya fita sararin samaniya ya tarar da wasu jinsunan halittu masu hankali, kowane da siyasarsa da tsohuwar gabarsa. Barazanar da ke kan kowa ita ce wasu manyan na'urori masu tunani da ake kira Reapers, waɗanda ke dawowa duk bayan shekara dubu hamsin su share duk wata wayewa da ta yi nisa. A jigo babu wani sabon abu nan. Abin da ya sa mutane suka riƙe wasan kamar ɗan da suka haifa shi ne ba ya mantuwa. Hukuncin da ka yanke a kashi na ɗaya ana ajiye shi, ka ɗauko shi zuwa na biyu, daga nan zuwa na uku. Wanda ka bari ya mutu a 2007 ba za ka gan shi a 2012 ba.

Bari in ba da misalin da a ganina shi ne ƙololuwar aikin. Akwai wani jinsi na mayaƙa, krogan, da aka jefa wa wata cuta da gangan don a daƙile haihuwarsu, har ya zama cikin dubu ɗaya kawai ake haifa da rai. A kashi na uku aka zo batun warkar da su. Idan tun a kashi na ɗaya ka rarrashi abokinka Wrex ba ka kashe shi ba, shi za ka tarar yana mulkin krogan, mai hangen nesa, wanda za a iya yarda da shi. Idan ka kashe shi, ɗan'uwansa Wreav ne a kan karaga, mai ƙishin fansa, kuma warkar da jama'arsa ya zama kamar wasa wuƙar da za a yanka ka da ita. Ga kuma Mordin, masanin da ya taɓa sa hannu a aikin cutar, yanzu nadama na cinsa, ya hau hasumiya don ya watsa maganin alhali ya san ba zai sauko ba. Kana iya barinsa ya hau. Kana iya harbinsa ta baya don wata yarjejeniya da ka ƙulla a ɓoye. Tambayar ɗaya ce ga kowa, amma nauyinta ya danganta da abin da hannunka ya aikata shekara biyar da suka wuce. Wanda ya rubuta wannan ya san aikinsa.

To, da irin wannan sabon aka isa mintunan ƙarshe. Bayan ƙazamin yaƙi a birnin Landan, Shepard ya isa inda makamin ƙarshe yake, jina-jina. Sai ga wata halitta ta haske a siffar ƙaramin yaro, wadda ba a taɓa jin bakinta ba a duk tsawon labarin, ta ce ita ce ke juya Reapers. Dalilinta kuwa: halittu masu rai dole su ƙera na'urori masu tunani, na'urorin kuma dole su juya su hallaka masu ƙera su, don haka ita take girbe wayewar kafin a kai can. Sannan ta nuna hanya uku. Ka hallaka Reapers tare da duk wata na'ura mai tunani, ko ka mallake su, ko ka narkar da rai da ƙarfe su zama abu guda. Kowacce ka bi, kusan hoto ɗaya za ka gani: haske ya fantsama, ja ko shuɗi ko kore, ƙofofin da ake bi a tsallaka tsakanin taurari su tarwatse, jirginka ya faɗa wani daji. Shi ke nan. Bayan sunayen ma'aikata sun gama wucewa sai wani saƙo ya fito yana gayyatarka ka ci gaba da gina sunan Shepard ta ƙarin babukan da za a sauke nan gaba. Mutum na cikin makoki ana yi masa talla.

Abin da ya biyo baya ba ƙarami ba ne. Wata ƙungiya ta masu buga wasan mai suna Retake Mass Effect ta tara kimanin dala dubu 80 ta ba gidauniyar Child's Play, mai kai wa yara marasa lafiya kayan wasa a asibitoci, don dai a san da gaske suke. Wani ya kai ƙara hukumar kula da ciniki ta Amurka cewa an yi tallar ƙarya. A Ingila ma an kai wa hukumar kula da tallace-tallace koke, ta duba ta ce ba a yaudari kowa ba. Wasu kuma suka zauna suka ƙirƙiro wata doguwar fassara cewa duk abin da aka gani a ƙarshen ruɗu ne da Reapers suka jefa a ƙwaƙwalwar Shepard, ƙarshen gaskiya na nan tafe. Wannan ya fi komai ba ni tausayi, domin soyayya ce tsantsa: mai karatu ya gwammace ya ce marubuci wayo ya yi masa da ya yarda cewa ya gaza.

Aka rabu biyu. Ƴan jaridar wasanni da yawa, waɗanda dama sun ba wasan maki mai tsoka, suka ce wannan taɓara ce, aikin fasaha na mai shi ne, kuma ranar da kamfani ya sauya ƙarshen labari saboda ihu, ranar aka binne mutuncin sana'ar. Da farko na ji maganar ta zauna mini, don duk mai rubutu yana son a faɗa masa haka. Amma tarihi bai goya mata baya yadda suke zato ba. Arthur Conan Doyle ya kashe Sherlock Holmes a 1893 don ya gaji da shi, masu karatu suka hana shi sakat, a 1903 ya tashe shi. Charles Dickens ya sauya ƙarshen Great Expectations a 1861 bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton, har yau ana gardamar wanne ya fi. Ba wanda ya cire su daga sahun marubuta. Sannan a nan akwai alƙawari. Kafin wasan ya fito, daraktansa Casey Hudson ya faɗa a wata hira cewa ba irin ƙarshen nan ba ne da za a ce ka samu na ɗaya ko na biyu ko na uku. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, ai ba laifi ba ne a riƙe masa ƙota. Uwa uba, wanda ya zuba sa'o'i ɗari yana yanke hukunci a cikin labari ya wuce ɗan kallo. An gayyace shi ya sa hannu a rubutun, ba a kuwa gayyatar mutum gini a hana shi magana ranar rufi.

Sai dai ban tare da masu ihun a kan komai ba, kuma nan ne zancena yake. Mai karatu ba ya kuskuren inda ke masa ciwo. Idan dubban mutane suka ce sun ji zafi a wuri ɗaya, to akwai ƙaya a wurin. Inda yake yawan kuskure shi ne maganin. Da aka tambayi masu koken me suke so, sai amsoshi suka watse: wasu na son Shepard ya rayu ya yi aure, wasu na son a yi gaba-da-gaba da babban Reaper, wasu na son a goge yaron gaba ɗaya, wasu kuma suka jero giɓin da ke cikin labarin. Giɓin gaskiya ne. An riga an nuna a wani ƙarin babi na kashi na biyu cewa tarwatsa ƙofa ɗaya ta tsallaka taurari ya kashe rayuka sama da dubu 300, to yaya duka za su fashe a zauna lafiya? Abokan da suke gefenka a fagen fama a Landan, yaya aka yi suka bayyana a jirgin da ya gudu? Amma ko an toshe waɗannan duka, ciwon na nan. A karatuna ciwon biyu ne. Na ɗaya, an ƙwace wa Shepard baki. Mutumin da ya yi shekara biyar yana gardama da sarakuna da janar-janar ya tsaya gaban yaro yana gyaɗa kai. Sa'o'i kaɗan kafin nan, idan ka taka sawu daidai, ka riga ka sasanta jinsin quarian da na'urorin geth da suka ƙera, bayan gabar shekara ɗari uku. Wato da hannunka ka ƙaryata hujjar yaron, amma wasan bai ba ka damar faɗa masa ba. Na biyu, ba a bar mutane sun yi sallama ba. Abin da suka ƙaunata a wasan abokan tafiya ne, Garrus da Tali da Liara da sauransu, sai aka rufe labarin da falsafar rai da ƙarfe, ba a ce ga abin da ya same su ba.

Me kamfanin ya yi? Ranar 21 ga Maris, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Ray Muzyka, ya fitar da sanarwa. Ya amsa cewa sukar ta yi musu zafi, ya ce za su ƙara haske ba tare da sun bar abin da suka nufa ba, ya kuma ce za su saurari gyara amma ban da zagi. Ranar 26 ga Yuni aka fitar da Extended Cut kyauta. An nuna yadda aka kwashe abokanka daga fagen fama. Ƙofofin nan yanzu lalacewa suka yi, ana iya gyarawa. Shepard ya sami damar yi wa yaron ƙarin tambayoyi. Kowace hanya ta sami nata bayanin rufewa, da hotunan abin da ya faru da jinsunan da ka ceta ko ka yasar. An cire tallar nan ta ƙarshe aka sa godiya. Wannan duka gyara ne na gaske, kuma wurin da abokanka suka tsaya gaban allon sunayen mamata da sunanka a hannu ya taɓa ni. Amma a lura da irin sauraron da aka yi. An ɗauki jerin koke-koken da za a iya ƙirgawa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana sa alama, kamar tela da aka dawo masa da riga ya bi duk inda zare ya fita ya kama, alhali yankan ne bai zauna ba. Har gobe Shepard ba ya iya cewa yaron, ga geth da quarian can suna gini tare.

Akwai kuma ƙari guda da nake yawan tunani a kai. An sa hanya ta huɗu: kana iya ƙin zaɓen gaba ɗaya. Wannan buƙatar masu koke ce kai tsaye. Sakamakon kuwa, a ci ku da yaƙi, kowa ya mutu, sai wani saƙo da Liara ta binne ya taimaki waɗanda za su zo bayan shekara dubu hamsin. A ma'aunin labari ba na kushe shi, don tun farko an ce ba a cin Reapers da ƙarfin soja. Amma gajartarsa da sanyinsa sun sa mutane da yawa sun karanta shi a matsayin martani: kun ce ba ku son ƙarshenmu, to ga abin da ƙi ke jawowa. Ban ga zuciyar marubutan ba. Abin da na gani a kan allo dai ya yi kama da mai gida da aka ce miyarsa ba gishiri ya ɗauke kwanon.

Amsar da ta fi dacewa ta zo ne bayan shekara guda, kuma ba da sunan gyara ta zo ba. A watan Maris na 2013 aka fitar da ƙarin babi na ƙarshe mai suna Citadel. Ba ya taɓa ƙarshen ko kaɗan. Abin da ke ciki wani labarin barkwanci ne, sannan liyafa a gidan Shepard, inda duk abokan da suka rage maka a raye za su taru a ci a sha a yi wa juna tsiya, a ɗauki hoto, da safe kowa ya tsaya yana kallon jirgi kafin a koma yaƙi. Ba liyafa aka rubuta a takardun koke ba. Amma ita ce sallamar da aka hana mutane, kuma har yau da yawa daga cikinsu nan suke ɗauka a matsayin ƙarshen labarin. A nan ne nake ganin marubutan sun saurari abin da ke ƙarƙashin ihun. Na kuɗi ne, ba kyauta ba, wannan ma a faɗa.

Wani zai ce to a riƙa tambayar jama'a tun kafin a yi mana. Akwai masu yin haka. Kamfanin Jagex na Ingila, da ya dawo da tsohon wasansa da sunan Old School RuneScape a 2013, ya sa dokar cewa manyan sababbin abubuwa ba sa shiga sai masu bugawa sun kaɗa ƙuri'a an sami kashi 75 cikin ɗari, daga baya aka rage zuwa 70. Tsarin ya riƙe amanar jama'a, amma sau uku ana kawo shawarar sabuwar sana'a a cikin wasan ana kayar da ita. Ƙuri'a na iya raba gardamar dokar wasa. Ban ga yadda za a kaɗa ta a kan mutuwar Mordin ba. Da an tambaye mu, da mun cece shi, da kuma mun ɓata wurin da ya fi ko'ina kyau. Sannan masu ɗaga murya ba su ne kowa ba. Alƙaluman da BioWare ya nuna a 2013 sun ce kusan biyu cikin uku na masu buga kashi na uku ba su ma haɗu da Wrex a ciki ba, kuma kimanin ɗaya cikin uku ne suka sasanta geth da quarian. Hujjar da na fi tinƙaho da ita ɗazu, ashe ta ƴan tsiraru ce. Duk da haka ina nan kan bakana, domin wanda ya buɗe hanya a labari shi ke da alhakin inda ta ɓulla, ko mutum goma ne suka bi ta.

Mu ma nan ba baƙin wannan lamari ba ne. Duk mai bin littattafan Hausa da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad ya san yadda ake yi. Marubuciya ta saki shafi da dare, kafin safiya an cika ta da sharhi: kar ki kashe wance, a hukunta kishiyar nan, wallahi in ya auri waccan mun daina karantawa. Na sha ganin labarin da ya taso da ƙarfinsa ya koma raba wa kowa abin da ya roƙa, muguwa ta haukace a shafi biyu, wanda ya mutu a ce dogon suma ya yi. Na kuma ga wadda ta fusata ta rufe labarin da gayya don ta nuna ita ke da alƙalami. Ta farkon ta karɓi maganin da masu karatu suka rubuta mata, ta biyun ta musanta cewa akwai ciwo. Idan aka ce kar ki kashe wance, sau da yawa abin da ake nufi shi ne ba ki shirya mu ba, ko ba ki ba ta darajar da ta kamata ba. Ana iya biyan wannan bashin kuma a kashe ta.

Ni ban buga Mass Effect a zamanin rigimar ba. Sai bayan da aka haɗa kashi ukun a Legendary Edition a 2021 na same shi, a kwamfutar wani abokina, ina bugawa dare-dare idan akwai wuta. A wannan bugun an ɗinke Extended Cut a jikin wasan, ba a cire shi. Ƙarshen asali, wanda aka yi kek ɗari huɗu dominsa, sai dai ka je YouTube ka kalla. Wannan ya dame ni fiye da yadda na zata. Ƙarshen Dickens na farko yana nan ana buga shi a bayan littafin, mai so ya gwada biyun. A nan kuwa gyaran ya haɗiye abin da aka gyara, wanda ya zo a makare irina zai iya gama wasan yana mamakin me ya tayar da hankalin mutane haka.

Da na isa gaban yaron na saurari bayaninsa har ƙarshe, na yi duk tambayoyin da aka ba ni, ina jiran wadda ba ta zo ba. Haushi ya sa na juya na ɗana masa bindiga na harba, a zatona harsashin zai wuce ta cikin haske ne kawai, in huce in je in zaɓi launina. Ban san cewa a gyararren bugun harbin nan shi ne hanya ta huɗu ba. Muryar yaron ta koma ta Reaper, ya juya ya tafi, makamin ya mutu. Wrex da ƴaƴan da aka fara haifa masa, Tali da gidan da take shirin ginawa a ƙasar kakanninta, duk suka tafi a minti biyu. Na zauna shiru har fankar kwamfutar ta lafa, sannan na koma inda wasan ya ajiye ni na sake hawa.